Duwatsun Kaburburan Piyako

Wata mata da ta tsallaka rafi neman itace ce ta fara gani. Ta dawo gari ba itace, ba ɗankwali, tana cewa maƙabarta ta ɓace. Aka yi ta yi mata dariya har sai da mutane suka je da ƙafarsu. Inda kakanninmu suke kwance tun kafin a san za a yi wani birni wai shi Abuja, babu dutse ko ɗaya, babu tukwanen da muke kifewa a kan kaburbura. An bi wurin da garma an ja kunyoyi miƙaƙƙu, kamar gonar da ke jiran iri.

Kabarin babana yana cikinsu.

Sunana Prudence, 'yar Yamusa maharbi. Na karanta aikin safiyo, wato awon ƙasa, na fito da sakamakon da ya fi na mazan ajinmu. Na yi yawon ofisoshi da takarduna har takalmina ya cinye, ban sami aiki ba, na dawo Piyako, ƙauyenmu na Gbagyi da ke bayan Karshi. A gari ana ce mini Safiyo, kuma ba don girmamawa ba. Amma kafin boko babana ya koya mini bin sawu, domin bai haifi namiji ba, bai kuma ga dalilin da zai sa iliminsa ya bi shi rami ba.

Gwamnati ta ba wani kamfani ƙasarmu ya gina rukunin gidaje. A birnin tarayya ƙasa duk ta gwamnati ce, haka aka ce mana. Abin da ya rage shi ne wani kwamiti zai zo daga ofishin filaye ya tantance ko mu 'yan asalin wuri ne ko 'yan kama-wuri-zauna. 'Yan asali ana ba su sabon matsuguni da gona. 'Yan kama-wuri-zauna ana shafa musu jan fenti a bango, katafila ta biyo baya. Mu kuwa ba mu da takarda ko ɗaya, don kakanninmu ba su nemi izinin kowa ba kafin su zauna. Shaidarmu ita ce matattunmu, kuma kwamitin yana tafe a ƙarshen mako.

* * *

Kafin rana ta take an kama mutum.

Manniru sunansa, ɗan ci-rani daga wani ƙauye na Katsina, yana yi mana ƙwadago: noma, haƙa rami, ɗaukar yashi. An je bukkarsa an sami garmarsa da jar ƙasar maƙabarta a bakinta. Da na isa ƙofar gidan Mai Gari na tarar an ɗaure shi a jikin mangwaro, bakinsa ya kumbura ya karkace, haƙoransa biyu na ƙasa a cikin turɓaya. Yara suna jifansa da ƙwallon mangwaro, iyayensu mata na kallo.

Edward ne a tsaye a kansa. Shi ne shugaban matasa, ɗan ƙanen Mai Gari, shi ke shiga tsakaninmu da kamfani saboda yana da kwat da babbar waya.

"Safiyo, kin zo da na'urar awonki ne?" in ji shi. "Kin makara. Mun kama ɓarawon."

"Ɓarawon dutse? To ina dutsen?"

"Zai faɗa."

"Da wane bakin? Ai ka fasa shi."

Na tsuguna gaban Manniru. Sai da na kai kunnena kusa na ji abin da yake cewa.

"Anti, wallahi fili na tarar. Babu dutse, babu tukunya. An ce mini gona ce, in ja kunya."

"Wa ya ce maka?"

Ya bi masu sanduna da kallo, ya haɗiye jini. "In na faɗa ba zan kai yamma ba."

"Kamfani ya sa shi," in ji Edward da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Su suka kawo irinsu, su suke ba su aiki. Mun ba shi ruwa mun ba shi abinci, ya yi noma a kan iyayenmu."

Mai Gari, Baba Meshach, yana zaune a kujerarsa da izgar wutsiyar doki a hannu. Abokin farautar babana ne. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, a bar ni in bi sawun. An yi ruwa kwanan nan, ƙasa ba ta manta ba tukuna."

Ya kore ƙuda da izgarsa. "Je ki. Amma ki sani, ranar da kwamiti ya zo wannan za mu miƙa musu. Dole a sami wanda za a nuna."

"A sassauta masa igiya, a ba shi ruwa."

"Safiyo ta ce a ba mijinta ruwa," in ji wata daga baya. Aka kwashe da dariya. Ban juya ba. Na ɗebo ruwan da kaina na ba shi, rabinsa ya zube ta gefen bakin da ya karkace.

* * *

Taron da ya je kallo ya tattake gaban maƙabarta kamar an kora shanu. Abin da ya tsira shi ne sawun tayar babbar mota a bakin rafi. Na bi shi har sansanin kamfani, inda aka kewaye da kwano aka tara siminti da rodi.

Direban tifar, Badamasi, yana zaune a inuwar motarsa yana cin dafaffiyar masara. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni ya ajiye masarar.

"Madam, ni da dutsen kabari? Ni da ko mushen kare na gani a titi sai na yi addu'a? Yashi na je ɗiba. Ku Gwarawa komai ya ɓace sai ku ce direba."

"Gbagyi."

"To, Gbagyi. Allah Ya ba da haƙuri. Hau ki duba, in kin ga dutse ki jefe ni da shi."

Na hau bayan motar. Yashin rafi ne a kusurwoyi, babu jar ƙasa, babu ɓallin tukunya.

"Oganku ya ji labari?"

"Ya ji mana. Har lemo ya saya ya raba mana." Ya ga yadda na dube shi, ya kawar da kai. "Ni dai na sha, Madam, ba zan yi miki ƙarya ba. Ana zafi."

Na koma bakin rafi na sake dubawa a natse. Tsakanin inda motar ta tsaya da maƙabarta akwai laka mai faɗi, babu ƙafar da ta taka ta. Dutse ba ya tashi sama ya faɗa mota. Na ɓata yini guda a kan Badamasi, domin zuciyata tana so a ce kamfani ne. Babana ya sha cewa maharbin da ya riga ya zaɓi namansa ba ya ganin sawu, yunwarsa yake gani.

* * *

Washegari na bar gaban maƙabarta na zagaya bayanta, wajen dutsen da muke kira Tsauni, inda ba mai zuwa sai awaki. A nan na same shi.

Wata siririyar hanya ce sabuwa a cikin ciyawa, an bi ta sau da yawa, hawa da sauka. Ƙafafun ƙanana ne, wasu da silifa, wasu tsirara, ba su fi na mutum huɗu ko biyar ba. Sawun garmar Manniru da takalminsa na taya yana bisa nasu a bakin maƙabarta, wato bayansu ya zo. Gaskiya ya faɗa, fili ya tarar.

Na bi hanyar a hankali. Masu hawa ƙafarsu ta dama ta fi nutsewa a ƙasa, masu sauka kuwa ƙafafunsu daidai suke. Mutumin da ya ɗora kaya a ka nauyin yana sauka ta tsakiyarsa ne, ƙafa biyu su raba. Waɗannan nauyinsu a gefe ɗaya yake.

Can gaba wata ɗorawa ta kwanto da reshe a kan hanya, daidai goshina. Duk wanda ya ɗauko dutse a ka dole ya sauke, ko ya durƙusa, ko ya kauce. Sawun bai tsaya ba, bai kauce ba, ya wuce ta ƙarƙashi a miƙe. A jikin kututturen, daidai kafaɗa, ɓawon ya goge ya yi fari.

Na tsaya a wurin hannuna a kan wannan gogen. A duk faɗin ƙasar nan kowa a ka yake ɗaukar kaya, ban da mu. Matanmu a kafaɗa suke ɗorawa, domin a wurinmu kai sarkin jiki ne, ba a mai da shi jaki. Ba ɗan ci-rani ba ne, ba leburan kamfani ba ne. Matan Piyako ne suka kwashe kaburburan Piyako.

A wata laka kusa da Tsauni na ga ƙafa tsirara, ta hagu, babu ƙaramin yatsa. Fartanya ce ta cire shi tun ina goye. Na san ƙafar nan kafin in san harafi.

Sawun ya shiga wani kogo mai faɗin baki. Duwatsun suna ciki, an jera su zuriya zuriya kamar yadda suke a maƙabarta, kowane da tukunyarsa a kife. An share ƙasan wurin tas. Na babana yana gefen dama, kusa da na mahaifinsa, an goge shi da mai.

* * *

Na sami mahaifiyata, Mama Elizabeth, tana ɓare gyaɗa a ƙofar ɗaki. Na zauna kusa da ita na ja kwaryar gabana. Da yarenmu muka yi magana.

"Mama, na je Tsauni."

Hannunta bai tsaya ba. "Kin gai da babanki?"

"Me ya sa?"

"Don kada katafila ta taka shi."

"Wa ya ce za ta taka shi?"

"Ke ba a haife ki ba lokacin da aka tashe mu daga garin iyayena. Ina budurwa. Yanzu kwalta ce a wurin, motoci kore da fari suna bi ta kan uwata. Ina tsaye aka ture kabarinta, na ga tukunyarta ta fashe a ƙarƙashin ƙarfe. Direban yana cin rake." Ta watsa ɓawon gyaɗa gefe. "Na yi rantsuwa ba za a yi wa mijina haka ba."

"Ai kwamiti ne zai zo, Mama, ba katafila ba. Zuwa za su yi su ga kaburburan, su san tun da muke nan."

"Edward ya ce ƙarya ce. Ya same mu a wurin daka, ni da tsofaffin nan. Ya ce ya gani da idonsa a ofishin kamfani, maƙabarta za a fara turewa kafin kwamiti ya iso. Ya ce mu ɓoye su da sauri, kuma kada maza su ji, don za su tsaya taro har a makara. Ranar kasuwar Karshi da gari ya watse muka fara."

"Shi ya kawo Manniru ya ja kunya?"

"Ya ce in an ga gona ba za a tona ba."

"Kina gani ana dukan mutumin nan, Mama."

A nan hannunta ya tsaya. "Na gani. Na dafa masa kunu, na kasa kaiwa." Ta ɗago ta dube ni. "Prudence, mun yi ɓarna ne?"

Ban saba yi mata ƙarya ba, ban kuma fara ranar ba. "Kun ɗauke shaidar da muke da ita, da kafaɗunku."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ban ji kuka ba. Na ƙarasa ɓare gyaɗar ni kaɗai.

* * *

Safiyar ranar da kwamiti zai zo na roƙi Mai Gari ya tara mutane. Aka kwance Manniru aka zaunar da shi a ƙasa, ƙudaje na bin bakinsa. Matasa suka jawo Badamasi daga hanya, yana ta rantsuwa. Edward ya sa kwat ɗinsa saboda baƙi. Mama da tsofaffin mata huɗu suna can gefe a kan tabarma ɗaya.

"Baba, a saki direba," na ce. "Motarsa yashi ta ɗauka. Ba wanda ya taka tsakaninta da maƙabarta."

"Allah Ya yi miki albarka, Madam," in ji Badamasi. Bai jira an sallame shi ba.

"Manniru shi ya ja kunyoyin, amma bayan an kwashe duwatsun. Sawunsa yana bisa na masu kwashewa."

"Su wane ne?" in ji Mai Gari.

Na faɗi yadda ƙafar dama ta fi nutsewa, da reshen ɗorawa, da gogen da ke daidai kafaɗa. Tun ban gama ba na ga maza suna juyawa wajen tabarmar. Ba wanda ke buƙatar in fassara masa.

Mama ta miƙe. "Ni ce. Ni na ja sauran. Suna kogon Tsauni, ba wanda ya fashe."

"Uwar Safiyo," in ji Edward yana girgiza kai. "Ashe ɓarawon yana gidan mai bincike."

"Faɗa musu wanda ya aike ku, Mama."

Ta faɗa. Sauran matan suka gyaɗa kai ɗaya bayan ɗaya. Na juya wajen Manniru na tambaye shi wa ya ce masa gona ce. Ya ɗaga hannu da kyar ya nuna kwat.

"Shi ya sa ka fara da bakinsa," na ce wa Edward. "Kowa ya kai masa duka a baya da ƙafa. Kai kaɗai ka nemi baki."

Edward bai ko ja da baya ba. Ya gyara wuyan rigarsa. "Abin da na ji na faɗa wa iyayenmu mata. In sun yi gaggawa, laifina ne? Ni na ɗauki dutse? A duba kafaɗata."

"Me suka ba ka?"

"Ke da aka ba takarda me ta ba ki?"

Wasu matasa suka yi kamar za su tasar masa, Mai Gari ya ɗaga izgarsa suka koma.

"Na ji," in ji shi. "Kin bi sawu kamar ubanki. Edward, ni da kai za mu yi magana a cikin gida. Yanzu ku saurara. In muka ce matanmu ne suka kwashe, mun kashe kanmu. In muka ce leburan kamfani ne, muna da ƙara a hannu. Saboda haka abin da aka faɗa a nan ya mutu a nan. A mayar da wannan jikin mangwaro."

"Baba, kurkuku za a kai shi."

"Baƙo ne."

"Bai yi ba."

"Na sani. Mutum ɗaya ne, 'yata, mu kuwa gari ne. Ubanki da yana nan da ya yi shiru."

"Ubana da yana nan da ba a ɗaure mutum a gabansa ba tun farko."

"Rufe bakinki," in ji wata tsohuwa daga tabarmar su Mama. "Boko ya cinye miki kunya."

Aka sake ɗaure Manniru. Bai yi gardama ba, ya miƙa hannuwan da kansa.

* * *

Motoci biyu suka zo da ɗan sanda ɗaya. Shugaban kwamitin, Malam Abdulƙadir, mutum ne mai farar kaftani da taushin murya, yana taka ƙasa kamar za ta ɓata masa takalmi. Aka kai shi maƙabarta ya tsaya yana kallon kunyoyi.

"Ranka ya daɗe, ina kaburburan?" ya tambayi Mai Gari.

"Leburan kamfani ya lalata su, oga. Mun kama shi, ga shi can."

Aka jawo Manniru. Ɗan sandan ya ciro ankwa ya saƙala masa a hannu ɗaya, ya ja shi sai da ya faɗi a kan gwiwa.

"Ba shi ba ne," na ce.

Na ji numfashin gari gaba ɗaya a bayan wuyana. Na matsa gaba, na gaya wa Malam Abdulƙadir ni safiyo ce, na faɗi makarantar da na yi. Na ce duwatsun suna nan lafiya a kogo, iyayenmu mata ne suka ɓoye su don an tsorata su da ƙarya, na nuna wanda ya tsorata su. Na ce in ya ba ni leburori biyu zan share kunya ɗaya a gabansa ya ga bakin kabari, domin ƙasar da aka taɓa haƙawa ba ta komawa launinta.

Ya saurare ni har ƙarshe, yana murmushi irin na malamin da ɗaliba ta burge shi.

"Madam, kin iya bayani. Amma mu ba a turo mu tono ba. Abin da ido ya gani muke rubutawa, ido kuwa gona ya gani."

"To a je a ga duwatsun."

"Dutse a kogo kowa zai iya tarawa. Mun je ƙauyuka inda aka jera kaburbura cikin mako guda, har da furanni."

"Za mu mayar da su inda suke."

"Sai su zama waɗanda aka jera bayan an ji muna zuwa." Ya juya ga ɗan sandan. "Sake shi, masu wurin sun ce su suka yi."

Aka cire ankwa. Manniru ya zauna a cikin kunyar da ya ja, yana duban hannunsa.

Wajen shiga mota Malam Abdulƙadir ya yafito ni, ya rage murya. "Shawara ce ta ɗan'uwa, don gaba. Da kin yi shiru, da dole in rubuta cewa ana zargin kamfani, magana ta tafi kotu. Da kun sami wasu shekaru kuna noma. Wa ya sani ma." Ya rufe ƙofa a hankali don kada ta kama masa riga.

* * *

Jan fentin ya riga amfanin gona nuna. Katafila ta zo muna da doya a ƙasa.

Ba zan ba da labarin ranar ba. Abin da zan faɗa shi ne, da muka ɗaure kayanmu muka bi ta tsakiyar gari, matan da suka yi mini wanka ina jaririya sun tofar da yawu a gabana. Mai Gari ya juya mini baya. Wani ya jefi Mama da ɓallin bulo ya same ta a kunne. Edward bai ga ko ɗaya ba, domin tun kafin nan ya tare a wani gida mai bene a cikin birni, an ce yanzu shi ne jami'in hulɗa da jama'a na kamfanin. Mutanen Piyako sun fi jin haushina a kansa. Shi cin amana ya yi, abin da suka sani ne. Ni kuwa na zaɓi baƙo a gabansu, da rana tsaka.

Muka kama ɗaki ɗaya a Karshi. Ina koyar da lissafi a wata ƙaramar makaranta, Mama tana sayar da gyaɗa. In 'yan garinmu suka hango mu a kasuwa sai su canza layi. Ni ba na canzawa. Ina bi ta gabansu in gaishe su da sunayensu, ko sun amsa ko ba su amsa ba. Ban ɗauki dutse ba, ban sayar da kowa ba, kuma ba zan sunkuyar da kai don na ƙi a kulle mutum a kan abin da bai yi ba.

Bayan damina na haɗu da Manniru a tasha. Bakin ya warke a karkace, magana tana fita ta gefe. Siminti ne a jikinsa har gira.

"Anti, aiki nake a wurinku," in ji shi. "Kamfani ya ɗauke mu haƙa harsashin gini."

"Allah Ya taimaka."

Bai gode mini ba, ni ma ban jira ba. Ya tsaya yana murza hularsa.

"Mun kai wajen da na ja kunya. Muna tono ƙashi. Oga ya ce mu zuba a tifa tare da ƙasa, a kai cikon kwari." Ya dubi ƙasa. "Ni na kasa. Na ɓoye a buhun siminti. Na je wurin mutanenku biyu, suna ganina suka ɗauki sanda. Ina zan kai?"

"Kawo mini."

"In oga ya gani zai kore ni."

"Na sani."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zo a kan babur, da buhu biyu a ɗaure. Ya sauke a ƙofar ɗakinmu ya ce akwai saura, ya juya.

Mama ta shimfiɗa zanenta na zuwa coci, na zazzage buhunan a kai. Ƙasusuwan sun yi ja kamar ƙasar da suka fito, sun gauraye, manya da ƙanana, wasu bakin shebur ya datse su. Ta durƙusa ta daɗe tana dubawa.

"Ke da kika san sawu," in ji ta, "wanne ne na babanki?"

"Ban sani ba, Mama."

Ta gyaɗa kai. Ta ce in ɗora ruwa a wuta, kada ya yi zafi da yawa. Da na kawo ta jawo baho gabanta, ta ɗauki wanda ya fi kusa da ita, wani ɗan ƙaramin ƙashi da ba zai wuce na yaro ba, ta fara wankewa.